Ma'anar Mudehar a gine-ginen birnin Sebiya

Duk wanda ya je yawon buɗe ido Sebiya, birnin da littattafan tarihin Musulunci ke kira Ishbiliya, a bakin kogin Guadalquivir a kudancin Sifaniya, zai yi ta jin kalmar Mudehar a bakin masu zagayawa da baƙi. Mutanen ƙasar suna rubuta ta Mudéjar. Asalinta Larabci ne, mudajjan, wato wanda aka ƙyale ya zauna. Haka ake kiran Musulmin da suka ci gaba da zama da addininsu a garuruwan da sarakunan Kirista suka ci da yaƙi. A 1859 ne masanin tarihi José Amador de los Ríos ya ɗora sunan a kan salon ginin da aka gada daga hannunsu.

A nan ne baƙi da yawa ke ruɗewa. Ba kowane gini mai kama da na Larabawa ne Mudehar ba. Hasumiyar Giralda, alal misali, Muwahhidun, daular Musulmi da ta taso daga Maroko, su ne suka gina ta tsakanin 1184 da 1198 domin kiran salla a babban masallacin gari, lokacin mulki na hannun Musulmi. Wannan ginin Andalus ne tsantsa, wato na Sifaniyar zamanin mulkin Musulmi, ban da ɗakin ƙararrawa da aka ɗora mata a ƙarni na 16. Mudehar kuwa sai bayan 1248, shekarar da Sarki Fernando na Uku ya karɓe birnin: mai gida Kirista, fasahar kuma ta Musulmi.

Mai son ya ga abin da idonsa, ya shiga fadar Alcázar, sashen da Sarki Pedro na Ɗaya ya sa aka fara ginawa a 1364. Magina aka tattaro daga Sebiya da Toledo, har da Garnada wadda a lokacin tana hannun abokinsa, sarkin Musulmi Muhammadu na Biyar. Kayan aikinsu ba masu tsada ba ne: jan bulo, filasta, katako da tayil. Amma a dubi abin da suka yi da su! Filastar an sassaƙa ta kamar aikin wuyan babbar riga, rufin katako an harhaɗa shi taurari-taurari, tayil kuma an yanka shi ƙanana an jera launi bayan launi. A saman ƙofar fadar, ta sarkin Kirista fa, an rubuta "Wa la galiba illallah" da Larabci. A ganina, wanda ya wuce ƙofar nan bai ɗaga kai ba ya yi asarar rabin ziyararsa.

Su kansu masu sunan ba su dawwama ba. A 1502 aka tilasta wa Musulmin Kastila, masarautar Kiristan da ke mulkin Sebiya, su karɓi Kiristanci ko su fita, sannan daga 1609 aka kori zuriyarsu. Salon bai bi su ba, don a farkon ƙarni na 20 mai zanen gine-gine Aníbal González ya sake ɗaukarsa ya gina Pabellón Mudéjar da ke dandalin Plaza de América.