Haki da kumburi bayan haihuwa: wankan jego ne, kanwa ce, ko zuciya ce ta gaza?

Kwanakin baya wata yarinya a layinmu ta haihu, haihuwar fari, lafiya lau aka yi suna aka watse. Sati uku da haihuwar sai ga ta ba ta iya kwanciya rigingine, filo uku ake tara mata, daga baya ma a zaune take kwana ta jingina da bango tana tari. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta don ba ta gasu ba, aka ƙara itace a murhu. Sai da ƙafafunta suka koma kamar taɓare biyu sannan aka kai ta asibiti, likita ya yi mata hoton zuciya ya ce zuciyar ce ta buɗe ta saki. Tana nan da ranta alhamdulillahi, tana kan magani. Tambayoyin nan su ne waɗanda mata suka yi ta jefa wa juna a tsakar gidan wajen dubiya, na haɗa su da abin da bincike ya nuna.

Wai wane irin ciwo ne wannan?

A asibiti za ki ji suna cewa PPCM. Naman zuciya ne ke yin rauni a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, ga macen da ba a taɓa saninta da ciwon zuciya ba. Lafiyayyar zuciya duk bugu ɗaya tana turo fiye da rabin jinin da ke ɗakinta na hagu, wajen kashi 55 zuwa 70 cikin 100. In aka auna aka ga ta sauka ƙasa da 45, kuma ba a samu wani dalilin ba, toh shi ne wannan ciwon. Jinin da ta kasa turawa sai ya yi cunkoso a baya, ruwa ya taru a huhu, shi ne hakin da tarin, ya taru a ƙafa da ciki da hanta, shi ne kumburin.

Ai kowace mai ciki tana kumbura tana haki, ta yaya za a bambance?

Nan ne ciwon yake ɓuya wallahi. Kumburin mai ciki na yau da kullum yana sacewa cikin sati ɗaya zuwa biyu da haihuwa, wannan kuwa ƙaruwa yake yi. Ki danna babban yatsa a ƙwaurinta ki ɗan riƙe, in kin ɗaga kika ga rami ya zauna kamar a curin fura, ki lura. Sai babbar alama, in ta kwanta numfashi ya tsaya mata a wuya sai ta tashi zaune, ko cikin dare ta farka firgigit tana neman iska ta ce a buɗe taga. Ga tari busasshe da ya fi tashi da dare, ga zuciya na dukan uku-uku alhali ba ta yi komai ba, daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta tsaya ta huta. Mai jegon da ke haka ba gajiyar jego ke damunta ba.

Da gaske ne ya fi yawa a wajenmu?

Da gaske ne, kuma ba yau aka sani ba. Tun shekarun 1970 Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson a asibitin koyarwa na ABU Zariya suka bi mata 224 masu gazawar zuciya bayan haihuwa, suka ƙiyasta kusan mace 1 cikin 100 a yankin. A Sakkwato binciken Isezuo da Abubakar na 2007 ya samu 1 cikin 102. Sai babban rajistan da ake kira PEACE, wanda Farfesa Kamilu Karaye na asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta tsakanin 2017 da 2018 a asibitoci 22 na Najeriya, ya tattara mata 406 masu ciwon, ya samu 1 cikin 96 a Arewa maso Yamma. Ki gwada da Haiti da ake cewa abin ya yi yawa, 1 cikin 300, Afirka ta Kudu 1 cikin 1,000, Japan kuwa wajen 1 cikin 20,000. Mu ne a sama a alƙaluman da aka buga.

Toh wankan jego da kunun kanwa ne ke kawo shi ko a'a?

Wannan ce tambayar da ta kusa haɗa faɗa tsakanin kakar yarinyar da 'yar'uwarta mai aikin jinya, kuma kowacce tana da abin kamawa.

Su Parry sun dubi abin da mai jego ke yi a lokacin: tafasasshen ruwa safe da yamma ana fyaɗa shi da ganye har kwana arba'in ko fiye, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, ga kunun kanwa ƙwarya guda. Suka ce kanwa cike take da sodiyom, sinadarin nan na gishiri mai riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata ya tilasta wa zuciya ƙara aiki, in an haɗa biyun an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Har sun lura masu ciwon sun fi zuwa asibiti a watannin zafi da damina. A 1979 da aka duba wasu matan Zariya da na'urar hoton zuciya sai aka ga da yawansu zuciyar tana matsawa da ƙarfinta, ruwa ne kawai ya yi musu yawa. Kenan wasu daga cikin matan can ba PPCM ɗin da ake nufi yau ba ne, lodi ne.

Shekaru kusan arba'in bayan haka sai rajistan PEACE ya gwada masu ciwon da lafiyayyun masu jego, bai ga cewa wankan ko kunun ne ke raba su ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, rashin karatun boko, rashin abin yi, da hawan jinin ciki, wato dai talauci da abin da yake jawowa.

Ni ga yadda na ɗauki maganar. A daina ɗora wa wanka laifin komai, amma kuma kar kaka ta ce an wanke ta. Zuciyar da ta riga ta yi rauni, in kika ɗura mata kanwa kika zaunar da ita gaban tafasasshen ruwa kin ƙara mata wahala ne, wannan babu likitan da zai yi musu a kai. Ga ƙuna da ake samu, ga jiri da faɗuwa a banɗaki. Ruwa mai ɗumi ya wadatar, kunu a yi shi ba kanwa ko a sa 'yar kaɗan. Wadda kuwa ta fara haki ko take da hawan jini, kanwa ta haramta gare ta a likitance.

In ba wankan ba ne, mene ne sanadin?

Ba abu ɗaya ba ne. Akwai gado: wani bincike na 2016 a kan mata 172 ya samu wajen kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da tangarɗa a ƙwayoyin halittar da ke gina naman zuciya, cikin ne kawai ya tono ta. Akwai furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, a 2007 masu bincike a Jamus suka nuna a jikin ɓeraye cewa yana iya tsagewa ya bar wani guntu mai lalata ƙananan jijiyoyin jinin zuciya. Akwai hawan jinin ciki da jijjiga, da cikin tagwaye.

Sai seleniyom, wanda ya fi shafar mu. Sinadari ne da jiki ke buƙata ɗan mitsitsi, daga ƙasa yake shiga hatsi. A Sin an daɗe da sanin wani ciwon zuciya mai suna Keshan da ƙarancinsa ke kawowa. A Yamai wani likita Bafaranshe mai suna Cénac ya auna jinin masu wannan ciwon a 1992 ya ga nasu ya yi ƙasa sosai, a Kano ma aka sake aunawa a 2015 aka ga wajen kashi uku cikin huɗu na masu ciwon suna da ƙarancinsa mai tsanani.

Kenan in je kemis in saya in riƙa sha?

A'a. An gwada shi a Najeriya a kan mata 100 na wata uku, waɗanda suka sha sun samu sauƙin alamomi amma hoto bai nuna zuciyarsu ta fi ta sauran dawowa daidai ba. Kuma in ya yi yawa guba ne, gashi ke zuba, farce ya lalace. A bar wa likita. Kifi, ƙwai, nama da hanta suna da shi, maigida ya taimaka ta nan.

A asibiti me za a yi mata?

A nemi a yi mata eko, wato hoton zuciya, shi ne ke raba gardama, ba ya ciwo kuma ba allura. Akwai ma na'urar sauraren ƙirji mai fasahar AI, wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta, da aka gwada a asibitoci shida na Najeriya a kan mata kusan 1,200, sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna ta ninka yawan masu raunin zuciya da ake ganowa.

Magani kuwa akwai na fitar da ruwa irin su Lasix, za ta yi ta fitsari kumburin ya sace, akwai masu rage wa zuciya gudu da nauyi, wani lokaci da na hana jini daskarewa don zuciyar da ta saki tana tara gudan jini ya tafi ƙwaƙwalwa ya zama shanyewar ɓarin jiki. Wasu magungunan ba a ba mai ciki sai ta sauka. Abu ɗaya da nake roƙo, don Allah kar a kira mai kemis gida ya ɗaura mata ƙarin ruwa wai ta galabaita. Huhunta a cike yake da ruwa, leda biyu na iya kashe ta.

Ana warkewa?

Ana warkewa, amma alƙalumanmu ba daɗi. A Amurka wani bincike na mata 100 ya ga 72 zuciyarsu ta dawo daidai cikin shekara. A namu na PEACE da aka bi su wajen wata 17, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu, waɗanda zuciyarsu ta dawo sarai ba su kai ɗaya cikin huɗu ba, kuma 'yan ƙasa da shekara 20 sun fi shiga haɗari. Zuwa a makare yana ciki, yanke magani ma yana ciki, da kumburi ya sace sai a ce ta warke a daina saye, alhali fitar ruwa daban warkewar naman zuciya daban. Ko hoto ya nuna ta dawo, likita ne zai ce a rage, a hankali.

Za ta ci gaba da shayarwa? Za ta sake haihuwa?

Mafi yawansu suna shayarwa, akwai magungunan da ba sa cutar da jariri. Akwai bromocriptine mai tsayar da furolaktin, an fara gwada shi a kan mata 20 a Afirka ta Kudu a 2010 aka ga alamar amfani, amma yana kafar da nono, kuma a gidan da kuɗin madarar gwangwani da tsaftataccen ruwa ke wuya wannan ba ƙaramin hukunci ba ne, sai ciwon ya yi tsanani ake auna shi.

Maganar sake ciki kuwa da maigida za a yi ta, a gaban likita. In hoto ya nuna jinin da zuciyar ke turowa bai koma kashi 50 cikin 100 ba, shawarar likitocin zuciya ita ce kar ta ɗauki wani cikin, don yana iya tafiya da ita. In ta dawo daidai ma ciwon na iya komowa, sai da awo na kusa da eko lokaci-lokaci. Shi ya sa tun kafin a sallame ta ake maganar tazarar haihuwa, kuma ba kowace hanya ba, ƙwayoyin da ke da sinadarin istirojin ba su dace da ita ba saboda daskarewar jini, an fi ba su ashanar hannu ko robar mahaifa. Ita yarinyar layinmu ashanar aka sa mata, wata shida za ta koma a sake hoton.