Aikin Koyarwa da Bincike a Fannin Nazarin Laifuffuka

Nazarin laifuffuka, ko kiriminoloji, fanni ne na ilimin zamantakewa da ke binciken abin da ke sa mutane aikata laifi, da yadda laifi ke yaɗuwa a cikin al'umma, da matakan da hukuma da jama'a ke ɗauka a kansa. Ya bambanta da karatun lauya. Lauya yana tambayar abin da doka ta ce ne, shi kuwa masanin wannan fanni yana tambayar dalilin da ya sa aka karya ta, da wanda aka kama, da wanda ya tsira, da ko hukuncin ya yi amfani. Mai son ya mayar da shi sana'a a jami'a yana ɗaukar nauyi uku: koyarwa, bincike da hidimar al'umma.

Asalin fannin

Ana danganta tushensa da Cesare Beccaria na Italiya, wanda a 1764 ya yi rubutu yana neman hukunci ya dace da girman laifi. A 1876 Cesare Lombroso ya zo da ra'ayin cewa ana haihuwar wasu da halin laifi, har ana iya gane su daga ƙirar jiki, ra'ayin da masana suka yi watsi da shi tuni. Daga baya akalar ta koma Amurka, inda Robert Merton a 1938 ya danganta laifi da giɓin da ke tsakanin burin mutum da halastacciyar hanyar cim masa, Edwin Sutherland kuma ya nuna cewa koyon laifi ake yi a wurin abokan hulɗa.

A Najeriya, marigayi Femi Odekunle, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi ake ambata a matsayin farfesan farko a fannin. Etannibi Alemika na Jami'ar Jos ya yi fice wajen binciken aikin 'yan sanda. Janar Abdulrahman Dambazau, tsohon babban hafsan sojan ƙasa kuma tsohon ministan cikin gida, ya yi digirinsa na uku a wannan fanni a Jami'ar Keele ta Ingila.

Matakan karatu da muƙami

Ɗalibin da ya fito daga Takai ta jihar Kano ko Jahun ta jihar Jigawa ba ya buƙatar yin nisa kafin ya fara. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen nazarin laifuffuka da tsaro. Jami'ar Karatu daga Gida ma tana ba da wannan digiri. Da yawa kuma ta sashen nazarin halayyar zaman jama'a na Jami'ar Bayero suke shigowa. Ana neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi, sai jarrabawar JAMB, sai karatun shekara huɗu da hidimar ƙasa.

Wanda ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya, ko babbar daraja ta biyu, shi ake iya ɗauka a matakin farko na koyarwa, yana taimaka wa manya yana kuma yin digiri na biyu. Daga nan sai mataimakin lakcara, lakcara mai daraja ta biyu, ta ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. Galibi akan yi aƙalla shekara uku a kowane mataki. Amma shekaru kaɗai ba sa ɗaga mutum. Ba digirin digirgir, da wuya a kai babban lakcara. Ba maƙalu a mujallun da masana ke tacewa, ba ƙarin girma. Matakai biyu na ƙarshe kuwa sai an aika ayyukan mutum ga farfesoshin wasu jami'o'i sun auna. Asusun TETFund na ɗaukar nauyin ƙaro karatun malaman jami'o'in gwamnati, yana kuma ba da kuɗin bincike ga wanda ya rubuta tsari mai gamsarwa. Farfesa na yin ritaya yana da shekara 70.

Hanyar ba ta rasa cikas. Aji ya cika maƙil, takardun jarrabawa tuli, ga yajin aiki irin na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2022 da ya ci wata takwas. Ga kuma mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai ba tacewa, waɗanda ke ɓata sunan matashin malami tun kafin ya yi shi.

Karkara a matsayin fagen bincike

A nan ne ɗan ƙauye ke da abin da wasu ba su da shi. Yawancin ra'ayoyin da ake karantawa a aji a biranen Turai da Amurka aka gina su, inda ake ɗauka cewa laifi kan isa ofishin 'yan sanda ya shiga kundi. A karkarar Kano da Jigawa ba haka abin yake ba. Idan shanu suka shiga gonar gero ana dab da girbi, manomi ba caji ofis yake fara zuwa ba. Mai unguwa yake samu, a kira ardo, a je a zagaya gonar a ƙiyasta ɓarnar da dami, a yi ciniki a gindin bishiya, a biya, a yi addu'a a watse. In abin ya gagara sai dagaci, sai hakimi. Babu layi ɗaya na wannan shari'a da zai bayyana a alƙaluman hukuma, alhali ita ce ta hana zub da jini. Masana na kiran irin waɗannan laifuffuka da ba sa shiga kundi da suna ɓoyayyen adadi, kuma mai binciken da ya dogara da rajistar 'yan sanda kaɗai zai fito da hoton da mazauna wurin ba za su gane ba.

Tsarin shari'ar ma kansa hawa-hawa ne. Akwai dokar finalkod ta Arewa da aka zartar a 1959, akwai dokokin shari'ar Musulunci da jihohin biyu suka ƙaddamar a 2000, akwai Hukumar Hisba wadda Kano ta yi wa doka a 2003, ga 'yan banga da 'yan sintiri. Yadda talaka ke zaɓar ƙofar da zai ƙwanƙwasa a cikin waɗannan, da dalilinsa, tambaya ce da ta isa kundin digiri na uku.

Batutuwan da ke jiran masu bincike suna da yawa: satar shanu a dajin Falgore, rikicin manoma da makiyaya kan burtali da mashaya a fadamun Guri da Kirikasamma, fasa-ƙwauri a iyakar Maigatari, bangar siyasa, da shaye-shaye, wanda binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta masu yinsa a faɗin ƙasar da mutum miliyan 14.3. Akwai kuma halin masu jiran shari'a a gidajen gyaran hali, sunan da dokar 2019 ta ba gidajen yari.

Aikin fili yana da ladabinsa. Ana fara gaida mai gari a bayyana masa manufa, a nemi wanda zai yi rakiya. Takardar tambayoyi ta Turanci ba ta da tasiri a nan. Hira ce da Hausa, wani lokaci da Fulatanci, ke buɗe baki. Matan aure kuwa sai mace 'yar'uwarsu, shi ya sa ƙarancin mata a fannin ke barin al'amuran fyaɗe da duka a cikin gida ba a nazarce su yadda ya kamata ba. Mafi nauyi shi ne amana: a garin da kowa ya san kowa, canza suna kaɗai ba ya ɓoye mutum, don haka dole a sakaya unguwa da sana'a, a kuma fahimtar da jama'a tun farko cewa mai bincike ba ɗan leƙen asirin hukuma ba ne.

Ban da jami'o'i, masu wannan ilimi na koyarwa a Makarantar Horar da 'Yan Sanda ta Wudil, suna kuma aikin bincike da ba da shawara ga hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, da hukumar gidajen gyaran hali, da ma'aikatun shari'a na jihohi.