Lambar asusun banki: abin da ta goman take tsarewa

Duk wanda ya taɓa sayar da sa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ya karɓi kuɗin riɗi ta waya, ya san karanta wa mai POS lambobi goma. Ba kara-zube aka jera su ba. A 2010 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idar NUBAN, wadda ta wajabta wa bankuna lamba goma cif. Kafin nan kowane banki da tsawon tasa.

Tara na farko banki ne ke bayarwa, ta goman kuwa lissafi ke fitar da ita. A ƙa'idar 2010, kowane banki yana da tasa lambar mai guda uku: First Bank 011, UBA 033, Jaiz 301. Sai a sa ukun nan a gaban taran su zama sha biyu, a ninka su ɗaya bayan ɗaya da 3, 7, 3, 3, 7, 3, haka har ƙarshe, a tara. Abin da ya rage jimlar ta cika goma ta gaba, shi ne lambar ƙarshe. Ga misalin da Babban Bankin ya bayar: 011 da 000001457. Idan aka watsar da sifilai, za a sami 7, 3, 3, 12, 35 da 21, jimla 81. Saura 9 ta kai 90, don haka asusun 0000014579 ne.

Hikimar tana cikin zaɓen 3 da 7. Goma dai 2 sau 5 ce, kuma cikin 2 da 5 babu mai raba 3 ko 7 ba tare da saura ba. Shi ya sa in yatsa ya kuskure lamba guda ɗaya tak, lissafin ba zai tashi daidai ba, kuma ba za a sami wannan asusu a bankin ba. Wallahi wannan dabara ta tsare dukiyar bayin Allah da yawa ba su ma sani ba.

Amma tana da kafa, kuma nan ne abin ke damuna. A lambar asusun, ta uku da ta huɗu duk da 3 ake ninka su, haka ta shida da ta bakwai. In mai POS ya juya su cikin hayaniyar kasuwa, ya buga 41 maimakon 14, jimlar ba ta canzawa, kuma mai yiwuwa asusun wani ne a Legas. Haka in ya zaɓi bankin da ba shi ba, lambar na iya dacewa da asusun wani a can. Asusun OPay da PalmPay kuwa galibi lambar waya ce aka cire sifilin farko, don haka wannan lissafi bai tsare su ba.

Saboda haka, Alhaji, kada kunya ta hana ka cewa: "Yaro, karanta min sunan da ya fito tukuna." In kuɗi suka riga suka faɗa asusun wani, a garzaya banki da rasit, amma yawanci ba sa dawowa sai da yardar mai asusun ko umarnin kotu.