Abin da hoton eko ke faɗa kan cutar amiloyid ta zuciya

Dattijo ya taso daga Talata Mafara ko Argungu, ƙafafu a kumbure, taku kaɗan sai haki. Galibi hawan jini ne ya gajiyar da zuciyar. Amma akwai cutar da ke fakewa a bayan waɗannan alamu, kuma eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'urar sikanin mai aiki da sauti, shi ne kan fara tona ta.

Mece ce amiloyid?

Furotin ne da ya lalace, ya riƙa taruwa a naman zuciya har bangonta ya yi kauri ya sandare. Iri biyu aka fi sani: AL, wanda ke fitowa daga ɓargo, da ATTR, wanda hanta ke sarrafa furotin ɗinsa. Akwai nau'in ATTR na gado mai suna V122I, asalinsa Afirka ta Yamma, kuma kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙar fatar Amurka suna ɗauke da shi. Saboda haka kada mu ɗauke ta cutar Turawa.

An ce EF ɗin Baba 55 ne, lafiya lau. Me ya sa bai daina haki ba?

Nan ne na fi son iyalai su natsu. EF yana nuna kason jinin da zuciya ke fitarwa daga wanda ya shige ta a kowane bugu. To, a ɗauki salkar da ta bushe ta ƙanƙance: ko ta zubar da fiye da rabin ruwan cikinta, tun farko ruwan da ta ɗauka kaɗan ne. Haka zuciyar mai amiloyid take. Ba ta buɗewa ta cika, shi ya sa lambar kan yi kyau har cutar ta yi nisa. Ina takaicin ganin an sallami mara lafiya saboda wannan lamba ɗaya.

Wane awo ne ya fi nuna nisan cutar?

GLS, wato yadda zuciya ke tsukewa ta tsawonta, daga gindi zuwa tsini. A mai lafiya yakan kai kashi 18 zuwa 20 cikin 100. Idan ya yi ƙasa sosai, haɗarin rasa rai ya ƙaru, ko da EF bai motsa ba. A 2012 likitocin Cleveland ta Amurka suka bayyana wata alama: gindin zuciya da tsakiyarta sun raunana, tsinin kuwa yana aikinsa. Ana kuma duba yawan jinin da ke fita a bugu guda, da ƙarfin ɓangaren dama na zuciyar, da ruwan da ya taru a jakar zuciya. Bangon da ya kai milimita 12 ko fiye abin bincike ne, musamman ga wanda jininsa ya sauka da kansa bayan shekaru yana hawa.

Likita zai iya faɗa mana kwanakin da suka rage masa?

A'a. Ajali na Allah ne. Awon yana nuna yadda cutar ta kasance ga tarin marasa lafiya masu irin wannan sakamako, don a san wanda jinkiri zai cutar. AL da ta kai ga gazawar zuciya, in ba magani, takan kashe cikin kimanin wata 6. ATTR takan ɗauki shekaru. Eko kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da gwajin jini na NT-proBNP da tiroponin da aikin ƙoda.

Me za mu yi a Gusau ko Birnin Kebbi?

Ku nemi ganin likitan zuciya, ku tambaye shi ko na'urarsu tana auna GLS. Ku ajiye duk takardun eko, domin ta kwatanta na bara da na bana ake gane saurin cutar. Ku faɗa masa in Baba ya daɗe da mutuwar yatsu a hannu biyu. AL maganinta na hannun likitan jini. ATTR kuwa akwai magani mai suna tafamidis, wanda Amurka ta amince da shi a 2019, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin yawancinmu. Kada ku sayo masa maganin zuciya a kemis, domin wasu, irin su digokzin, suna iya yi wa mai amiloyid illa.