Haɗa harsashin libarba a gida: abin da dokar Amurka ta yarda da shi

A Amurka, mai bindiga libarba na iya narka dalma a gidansa, ya zuba ta a mazubi ta zama kan harsashi, ya ɗura albarushi a tsohon kwanso, ba tare da lasisin tarayya ba. Sharaɗin shi ne ya yi don amfanin kansa. Da zarar ya mai da abin sana'a yana sayarwa don riba, dokar bindigogi ta 1968 ta wajabta masa lasisi mai lamba 06 daga ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, dala 30 na shekara uku, ga kuma harajin kashi 11 cikin ɗari a kan harsashin da ya sayar. Wanda ya yi sana'ar ba lasisi na iya shan ɗaurin shekara biyar.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne ma'anar kalmar harsashi. A wajen dokar, ba sai an haɗa shi ya kammala ba. Kwanso kaɗai harsashi ne, haka albarushi, haka ɗan maɓallin gindin kwanso da ke tayar da wuta, haka kan dalmar da bai ko shiga kwanso ba. Saboda haka wanda ke zuba kawunan dalma yana sayarwa a kai a kai, yana cewa ai ƙarfe ne kawai, shi ma maƙerin harsashi ne. Wanda kuma aka taɓa samu da laifin da hukuncinsa ya wuce shekara guda, doka ta hana shi mallakar harsashi, don haka ko gwangwanin kwanso a garejinsa na iya jawo masa tuhumar da hukuncinta, tun 2022, ke kaiwa shekara 15.

Dalma ita kanta ba ta da matsala. Dokar 1986 da ta hana ƙera harsashi mai huda sulke ta lissafa baƙin ƙarfe da tagulla da makamantansu, babu dalma a ciki. Sai dai Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma tun 1 ga Yulin 2019, domin wata babbar ungulu da ke mutuwa idan ta ci mushen da aka harba da shi. Harbin gwaji a fili bai shiga haramcin ba.

Batun ajiya yawanci na hukumomin kashe gobara ne na jihohi da garuruwa, kuma da yawansu ƙa'ida mai lamba 495 ta NFPA, wata ƙungiyar kariya daga gobara a Amurka, suke bi: albarushi marar hayaƙi har laba 20, wajen kilo 9, a cikin gwangwaninsa na asali. Daga nan zuwa laba 50 sai a akwatin katako mai kaurin inci ɗaya, don kaurin katako na jinkirta zafi ya isa ga albarushin in gobara ta tashi. Maɓallan tayar da wuta kada su wuce 10,000. Gidan waya kuwa ba ya ɗaukar su, haka albarushi da cikakken harsashi.