Waiwaye: Yadda Garkuwar Jiki Ta Dawo Fagen Yaƙi da Cutar Kansa

Muhawara ta yi zafi a 'yan shekarun nan kan sabbin magungunan kansa da ke aiki ta hanyar garkuwar jiki. Wasu na ganin an kusa cin ƙarfin cutar, wasu kuma na cewa tsadarsu ta wuce misali, ga shi ba kowane majinyaci suke yi wa aiki ba. Duka ɓangarorin suna magana kamar jiya aka fara, alhali maganar ta haura shekara 130.

A 1891 likitan tiyata William Coley na birnin New York ya fara yi wa masu ƙari allurar ƙwayoyin cuta domin ya tunzura jikinsu ya yi faɗa, kuma ƙarin wasu ya saɓe. Da aka samu hasken ƙona ƙari, sannan kimoterafi ya biyo baya, sai hankali ya koma can. A ƙarshen shekarun 1950 Macfarlane Burnet da Lewis Thomas suka kawo hasashen cewa garkuwar jiki tana sintiri kullum, tana kashe ƙwayoyin da suka fara lalacewa tun kafin su zama ƙari.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne yadda wannan hasashe ya faɗi, da yadda ya sake tashi. A 1974 an gwada shi a kan wasu ɓeraye marasa gashi, waɗanda ake haifa ba su da sashen jikin da ƙwayoyin T, wato sojojin garkuwar jiki, ke balaga a ciki. Lissafin a fili yake: in da gaske garkuwa na gadi, to waɗannan ɓeraye za su fi 'yan uwansu kamuwa da ƙari idan aka ba su sinadarin da ke haddasa shi. Hakan bai faru ba, sai masana da dama suka ɗauka magana ta ƙare. Daga baya ne aka gano cewa ɓerayen ba tsirara suke ba ta fuskar kariya, domin suna da wasu ƙwayoyin garkuwa masu kai farmaki da ake kira NK, har da ragowar ƙwayoyin T. Gwajin an yi shi da kayan aikin zamaninsa, amma a ganina nan ne jinkirin ya samo asali, saboda an rufe babbar tambaya da ma'aunin da bai cika ba, kuma rufewar ta ɗauki fiye da shekara 20.

A 2001 Robert Schreiber na Jami'ar Washington da ke St. Louis, tare da Lloyd Old da abokan aikinsu, suka sake gwajin da ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gado guda, ta yadda ba su da ƙwayoyin T sam, haka ma ƙwayoyin B masu samar da sinadaran kariya. Wannan karon ɓerayen sun fi kamuwa da ƙari. Sai suka ƙara mataki ɗaya: suka ɗebo ƙarin da ya tsiro a jikin marasa garkuwa suka dasa wa lafiyayyun ɓeraye, sai jiki ya kawar da kusan kashi 40 cikin 100, yayin da ƙarin da ya girma a jiki mai garkuwa ya ci gaba da yaɗuwa. Ma'anar ita ce ƙarin da likita ke gani a asibiti shi ne wanda ya riga ya koyi ɓuya, bayan garkuwa ta tsince masu rauni.

Wannan ya ba wasu ayyuka da ke tafiya cikin shakku madogara. Tasuku Honjo ya gano PD-1, wani birki da ke taka wa ƙwayoyin T, a Kyoto ta Japan a 1992, James Allison kuma ya nuna a 1996 cewa sakin wani birkin mai suna CTLA-4 yana kawar da ƙari a ɓeraye. Amurka ta amince da ipilimumab, maganin da ke sakin birkin CTLA-4, a 2011 don kansar fata, da magungunan PD-1 a 2014, da CAR-T a 2017, inda ake ɗibar ƙwayoyin T na majinyaci a gyara su a mayar masa. Honjo da Allison suka karɓi kyautar Nobel a 2018.

Allurar rigakafi ta mRNA (mai kai wa jiki saƙon abin da zai yaƙa) da ake gwadawa yanzu, wadda ake harhaɗa wa kowane majinyaci tasa daga sauye-sauyen da ke cikin ƙarinsa, ƙoƙari ce ta nuna wa garkuwa abin da ƙarin ya ɓoye mata. A kansar fata an ga alamun nasara, amma kansar fankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi) da mafi tsananin ta ƙwaƙwalwa har yau ba su cika jin waɗannan magunguna ba, kuma a kansu ne tambayoyi da dama na masu bincike suka tsaya.