Aikin Sa-kai a Karkarar Wata Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi

Matasa da dama a Zariya, musamman waɗanda suka gama Jami'ar Ahmadu Bello suka kuma yi hidimar ƙasa, suna tambaya kan tafiya wata ƙasa aikin sa-kai. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi.

Wane irin aiki ne wannan?

Mutum ne zai bar ƙasarsa ya je ya zauna cikin mutanen karkara, yana yi musu aiki da iliminsa: koyarwa, jinya, noma ko samar da ruwan sha. Ba albashi ake biyansa ba, sai alawus na ci da sha da wurin kwana. Akwai ƙungiyoyi da hukumomin da ke tura masu irin wannan aiki. An kafa ƙungiyar VSO a Birtaniya a 1958. Shugaba John Kennedy ya kafa hukumar Peace Corps a Amurka a 1961, kuma a shekarar ne rukunin farko na masu aikin sa-kai da ta turo ya iso Najeriya, galibinsu malaman makaranta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe nata shirin, UNV, a 1970.

Karɓa kawai muke yi, ko mu ma muna turawa?

Muna turawa. Tun 1987 Najeriya ke da shirin TAC a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, wanda ke aika likitoci, ma'aikatan jinya, injiniyoyi da malamai zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik, kamar Gambiya, Uganda da Jamaika, na tsawon shekara biyu. Ƙwararru ake nema masu gogewa, ba wanda ya fito makaranta jiya ba.

Yaya zaman yake idan an je?

Ka ƙaddara baƙo ne ya sauka a wani ƙauye a hanyar Giwa ko Soba. Kafin ya buɗe jakarsa sai ya je ya gaida dagaci, ya ga liman, ya san wane ne sarkin noma. Idan ya kira taro da hantsi a tsakiyar damina, ba wanda zai zo, duk suna gona. Ranar kasuwa ma haka. Sai bayan la'asar zai sami mutane a gindin bishiya. In namiji ne, iyakarsa zaure, don haka duk maganar da ta shafi mata da yara sai ta bi ta hannun ungozoma ko malamar asibiti. Wata uku na farko kan tafi ne a gaisuwa, zuwa suna da jana'iza, da koyon harshe har a daina yi masa dariya.

Haka ɗan Zariya zai tarar a ƙauyen Uganda. Sunayen masu sarauta ne za su canza, amma izinin da ake nema ɗaya ne. Wanda ya ɗauki wannan lokaci a matsayin ɓata lokaci, a ganina, bai fahimci aikin ba tukuna, domin a nan ne zai ji abin da mutane ke so da bakinsu.

Me ya sa ayyuka da yawa ke mutuwa da zarar baƙo ya tafi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya ga rijiyar burtsatse da aka buɗe da kiɗa da jawabai, yau ga ta nan hannun famfon ya yi tsatsa, awaki na kwana a dakalinta, mata sun koma rafi. Sau da yawa abin da ya lalace ɗan ƙaramin roba ne a cikin famfon. Amma ba a koya wa kowa gyara ba, ba a kafa kwamiti mai tara ɗan kuɗi duk wata ba, ba wanda ya san shagon da ake sayar da kayan a Sabon Gari. Mutanen gari kuma suna cewa "rijiyar Bature ce" ko "ta gwamnati ce", don ba a tambaye su ba ranar da aka zaɓi wurin haƙawa.

Mai aikin sa-kai nagari shi ne wanda ya sa samari biyu suka kwance famfon suka ɗaura da hannunsu a gabansa, ya bar littafin kuɗi a hannun wanda gari ya amince da shi. Haka yake a noma: manomi ba ya sauya iri don an yi masa lacca. Sai ya ga gonar gwaji kusa da tasa, ya ƙirga buhunan da ta bayar da kaka.

Wace wahala ce ta fi yawa?

Kewar gida, zazzaɓin cizon sauro, da rashin wuta da intanet. Musulmi kuma ya yi tambaya tun kafin ya tashi kan naman halal, masallacin Juma'a, da yadda zai yi azumi a inda watakila shi kaɗai ne mai yi.

Ta ina ake nema?

Peace Corps ta 'yan Amurka ce kaɗai. UNV a shafinsu na intanet ake rajista, kuma kyauta ne. TAC kan fitar da sanarwa idan za ta ɗebi mutane. Duk wanda ya ce ka turo masa kuɗin fom ko na biza ta WhatsApp, ɗan damfara ne, ka toshe lambarsa.

Abin da za a fara tambayarka shi ne aikin da ka taɓa yi. Saboda haka ka soma daga gida: aikin gayya na unguwa, rigakafin yara, ajin yaƙi da jahilci, ko bin malaman gona na Samaru zuwa ƙauye. Ka riƙa karɓar takardar shaida daga duk inda ka yi aiki, ka kuma yi fasfo tun da wuri.